Sauya abin da aka gada ko haɗa abubuwa: wanne ya dace a rubutun manhaja?

Masu koyon rubuta manhaja sukan yawaita tambayar ko gara ƙaramin aji (aji a nan shi ne tsarin da ke tattara bayanai da ayyukan da ake yi da su a cikin manhaja) ya gaji babba ya sauya wasu sifofinsa, ko kuwa ya ajiye abu daga wani aji a cikinsa yana tura masa aiki. Hanya ta farko ita ce gado, ta biyu kuma haɗawa.

Ta fuskar sauƙi, gado ya fi saurin rubutawa, domin abin da ake son canzawa kaɗai ake sake rubutawa. Sai dai harsunan rubuta manhaja sun bambanta: a C# sai babban aji ya ba da izini da kalmar virtual kafin ƙarami ya sauya aikinsa, a Java kuwa ana sauya ayyuka ba tare da wannan izinin ba, amma ma'ajiyar bayanai ta ƙaramin aji mai suna iri ɗaya da ta babba ɓoye ta asali kawai take yi, lamarin da ke rikita sababbin shiga.

Haɗarin gado ya fi girma a ganina. Duk gyaran da aka yi wa babban aji yana iya karya ƙananan ba tare da an lura ba, kuma ƙa'idar da masaniyar kimiyyar kwamfuta Barbara Liskov ta gabatar a 1987 ta buƙaci ƙaramin aji ya iya tsayawa a madadin babba ba tare da manhajar ta lalace ba. Haɗawa tana cin ƙarin layuka, amma tana sauƙaƙa gwaji da musanya ɓangarori daga baya.

Gado ya dace da wanda azuzuwan biyu ke hannunsa, ƙaramin kuma nau'in babban ne na haƙiƙa. Haɗawa ta fi dacewa da mai aiki da ajin da wasu suka rubuta, ko babbar manhajar da za ta daɗe ana gyara ta.