Sitikar RFID Don Sito da Masana'anta: Wacce Za Ka Saya, Wacce Za Ka Guje Wa

Duk mai siton da kayansa suka fi ƙarfin ƙirgen ido ya san wahalar ranar ƙidaya. A rufe ƙofa, yara su yini suna sauke kaya suna mayarwa, a ƙarshe abin da ke littafi daban, abin da ke ƙasa daban. Wannan ciwon ne ke kai mutane ga RFID, wato 'yar sitikar nan mai ɗauke da ƙwayar lantarki da siririyar eriya, wadda na'ura ke karanta lambarta ta iska ko da tana cikin kwali. Amma ka ce wa dillali "RFID nake so", daidai yake da ka shiga tasha ka ce "mota nake nema" ba tare da ka faɗi garin da za ka ba. Iri-iri ce, kuma kowacce da inda take kai mutum.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. In kayanka na sito ne, ko na masana'anta da ake lodi ana kai wa diloli, sitikar UHF (mai aiki a babban zangon rediyo) marar batir za ka saya, wadda ke bin ƙa'idar da ake kira Gen2. Sauran duk zan taɓo su, amma ita ce zancen.

Ba ta da batir, kuma nan ne sirrinta. Na'urar karantawa ce ke watso mata ƙarfi ta iska, ta farka, ta mayar da lambarta, ta koma barci. Saboda haka babu abin da zai ƙare a cikinta, kuma in ana sayenta da yawa, ɗaya ba ta kai santi 10 na dalar Amurka ba. Tana aiki a zangon MHz 860 zuwa 960, ana iya karanta ta daga nisan mita da dama, har kusan goma in wuri a buɗe yake, kuma na'ura mai kyau tana ɗaukar ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Yaro ɗaya ya riƙe na'urar hannu ya bi layin kanta yana lilo da ita, kafin shayin maigida ya huce ya gama aikin da a da ke cin yini. Kuma ba cewa kawai za ta yi "atamfa ce". Kowane turmi da lambarsa ta kansa, don haka in guda ya yi ɓatan dabo tsakanin sito da shago, ka san wanne ne, ka san kuma ƙofar da aka gan shi ta ƙarshe.

Abin da ya fi kwantar min da hankali game da ita shi ne wasu sun riga sun sha wuyar gwajinta da kuɗinsu. Tushenta wata cibiya ce da aka kafa a jami'ar MIT ta Amurka a 1999. A 2003 kamfanin Walmart ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su fara liƙa ta a kwalaye kafin Janairun 2005, ma'aikatar tsaron Amurka ma ta bi sahu. Wannan yunƙurin bai yi armashi ba: sitikar da tsada a lokacin, karatun ba tabbas, masu kawo kaya kuma suna biyan kuɗi ba sa ganin riba. Sai da aka amince da ƙa'idar Gen2 a ƙarshen 2004, farashi ya yi ta sauka, aka kuma gane cewa amfanin yana ga liƙa ta a kan kowane kaya ɗaya-ɗaya, musamman tufafi. Zara mai sayar da tufafi ta gama shimfiɗa tsarin a kantunanta a 2016, Decathlon mai kayan wasanni ta sa ta a dukkan kayanta, Walmart ɗin ma ya dawo a 2022 ya wajabta ta a kan kayan gida da na wasan yara da na lantarki. Binciken da aka yi a jami'o'in Arkansas da Auburn ya nuna daidaiton lissafin kaya a kanti yana tashi daga wajen kashi 63 cikin ɗari zuwa 95. Lura da kyau, tufafi ne suka fara cin moriyarta, don yadi ba ya tare zangon rediyo. Mai diloli a Kantin Kwari ya fi kowa dacewa da wannan fasaha, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Ga kuma 'yancin da ƙa'ida ɗaya ke bayarwa. Sitikar da ke ɗauke da ƙwayar kamfanin Impinj ko ta NXP, na'urar kamfanin Zebra za ta karanta ta, ta Chainway mai sauƙin kuɗi ma za ta karanta ta. In kun ɓata da mai kawo maka, ka koma wajen wani, kayan aikinka na nan.

Sauran kuwa, a gurguje. Ta ƙaramin zango, LF, mai kHz 134.2, ta kunnen shanu da tumaki ce, can take da daraja, a sito ba ta da aiki don sai an kusa manna mata na'ura. HF da NFC masu MHz 13.56 na katin ƙofa ne da biyan kuɗi da waya. Ba wanda zai bi katan dubu yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Mai batir tana kaiwa mita 100, amma kuɗin guda ɗaya zai sayo maka ɗaruruwan UHF, kuma bayan 'yan shekaru batirin ya mutu. A bar wa masu kwantena da manyan injuna. Bakod ce kaɗai nake ɗaga wa hula. Tun 1974 take aiki, kusan kyauta ce, NAFDAC ma da ta tashi bin sawun magunguna tsarin bakod na GS1, ƙungiyar da ke ba da lambobin kaya a duniya, ta ɗauka. In kayanka 'yan ɗaruruwa ne, tsaya a kanta, ka ajiye kuɗinka.

To, gwanar tawa ma tana da abokan gaba biyu: ƙarfe da ruwa. Ƙarfe na kashe eriyar in an liƙa ta kai tsaye, ruwa kuma na shanye ƙarfin. Mai sayar da gwangwanin madara da tumatir, da jarkokin mai, da lemo, da kayan da ke cikin leda mai rufin alminiyom, irin kayan kasuwar Singa ke nan, kada ya yarda a ce masa sitikar takarda za ta yi masa. Akwai ta musamman mai kauri da ake ɗaura wa tukunyar gas ko kayan injin, tana aiki sosai, amma kuɗinta ya ninka sau da yawa, ta dace da abin da ke fita ya dawo, ba abin da ake sayarwa a manta ba. Ko a yadi ma, leshi mai zaren ƙyalli da takardar ado mai ruwan gwal da ake naɗe shadda da ita suna iya rage nisan karatu. Kuma a cire rai da cewa za ta hana sata. Wanda ya san tana nan zai ɓare ta ya yar. Abin da take yi shi ne ta tona cewa kaya ya ɓace yau, ba sai bayan wata shida ba.

Yanzu ga inda ake yanka mutane, kuma a nan zan daɗe.

Na farko, zango. Amurka na amfani da MHz 902 zuwa 928, Turai 865 zuwa 868, Sin kuma 920 zuwa 925. A rabon zangon rediyo na duniya, Afirka rukuni ɗaya take da Turai, kuma wani ɓangare na zangon Amurka ya faɗa daidai inda wayoyinmu na GSM ke magana da turakun sabis. Na'urar da aka ƙera don Amurka, in ka kunna ta a Kano ko Damagaram, tana kokawa ne da wayar kowa da ke kusa, ga shi ka shiga hurumin da ba naka ba. Irin waɗannan na'urori sun cika kasuwar gwanjo ta intanet, da araha mai jan ido, kuma da yawansu ba a iya sauya musu zango don a jikinsu aka gina shi. Duba takardar na'urar: ka ga ETSI ko EU, ta zangon Turai ce, to, ka ga FCC ko US, ta Amurka ce, ajiye. Ka kuma tambayi mai sayarwa shaidar amincewar hukumar sadarwa, wato NCC in a Najeriya kake, ko ARCEP in a Nijar. Sitikar ƙarfe ma haka take, yawanci ana ƙera ta ne don zango guda, sai ka faɗi wanda kake so.

Na biyu shi ne wanda ya taɓa ƙona ni, shi ya sa ba na sassauci a kansa. Masana'antun ƙwarai suna gwada kowace sitika kafin ta fita, wadda ta gaza su ɗiga mata baƙin tawada don injin bugawa ya tsallake ta. Waɗannan rubabbun ba duka ake zubarwa ba. Akwai masu tattara su. Wani mai kawo kaya ya taɓa turo mana samfuri lafiyayye, ana karanta shi daga ƙarshen sito. Da babban oda ya iso, zagayen farko na kowane naɗin sitika garau, can ciki kuwa wasu matattu ne, wasu sai ka kai na'ura kamar za ka shafa musu. Mugun abin shi ne matacciyar sitika ba ta kuka. Kayan na nan a kan kanta, manhaja na cewa babu, sai zargi ya koma kan yaran sito da ba su ci ba ba su sha ba. Da aka kira mutumin, cewa ya yi zafin garinmu ne. Tun daga nan ba na karɓar naɗi sai an warware shi an gwada daga tsakiya da kuma gindinsa.

Na uku, ƙwayar jabu. Za a rubuta maka a takarda cewa UCODE 8 ce ta NXP ko Monza R6 ta Impinj, a sa maka wata marar suna. Maganin yana hannunka: kowace ƙwaya tana da lambar da aka kulle tun daga masana'anta, ana kiranta TID, kuma kowace na'urar hannu tana iya nuna ta. Galibin na Impinj suna farawa da E2801, na NXP da E2806. Ɗebo daga naɗi daban-daban ka karanta a gaban mai kayan. In farkon lambar bai dace ba, ko ka ga sitika biyu da TID iri ɗaya, ciniki ya mutu. Ka kuma nemi ainihin sunan samfurin, ka duba ko yana cikin waɗanda ɗakin gwajin jami'ar Auburn ya tantance a shirinsa na ARC, wanda manyan kantunan Amurka ke dogara da shi. Wanda duk ya ce maka "ai duk ɗaya ne, Alhaji", shi ne ba za ka saya a wajensa ba.

Na huɗu ya fi kama da ganganci, amma asararsa ɗaya da ta zamba. Wasu naɗe-naɗen suna zuwa da lambar kaya iri ɗaya a kan kowace sitika, da nufin kai za ka rubuta taka. In ba a faɗa maka ba ka liƙa su haka, manhaja za ta ga katan dubu ta ce guda ɗaya ne. Ko dai ka sayi injin bugawa mai rubuta lamba, ko ka sa a rubuto maka su a jere, a haɗo da takardar jerin. In kuma kana da niyyar kai kaya ga manyan kantuna ko ƙetare, yi rajista da GS1 ka sami lambar kamfaninka (ta Najeriya tana farawa da 615), kada ka ƙirƙiri taka a ɗaki, don ranar da kayanka suka haɗu da na wani a sito ɗaya za a yi karo.

Sai gam. Ba wanda ke tambaya a kansa, alhali shi ke fara ba da kai. Ƙwayar tana jure zafi fiye da yadda ake zato, amma gam mai araha a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu sai ya saki, ƙurar hunturu kuma in ta kwanta a kan buhu ba abin da ke kamawa. Za ka tarar da sitika a ƙasa tana ta amsa kira, kayanta kuwa sun yi nisa. Karɓi samfuri ka liƙa a kan ainihin kayanka, ka bar shi a lungun da ya fi zafi na 'yan makonni. Buhu da dila, gara mai rataya da igiya ko wadda ake ɗinkewa.

Akwai kuma masu zuwa da kwat da allon nuni, su ce sai an kafa na'ura a kowace ƙofa tun ranar farko, da manhajar da ake biya duk wata da dala. Ƙofa mai karatu da kanta tana da daɗi, amma tana son wutar da ba ta yankewa, wato sola ko inbata, tana son mai saita eriya, in ba haka ba ta riƙa karanto kayan da ke jingine kusa da ita tana cewa sun fita. Fara da na'urar hannu ɗaya ko biyu da nau'in kaya guda, wanda ya fi tsada kuma ya fi ɓacewa. Game da manhaja, tambayoyi biyu sun isa: tana aiki in intanet ta ɗauke? Kuma in na daina biya, zan iya kwashe bayanaina in tafi da su? In ya fara kame-kame a ta biyun, jinginar da littafin sitonka yake so ka yi.

Wajen biya, kada ka yi cinikin biri a sama. A rubuta a yarjejeniya sunan ƙwayar, da zangon na'urar, da nisan da za a karanta sitikar a kan kayanka a cikin sitonka, da cewa duk naɗin da ya faɗi gwaji za a musanya shi a kuɗin mai kawowa. Ka ba da kafin alƙalami, ragowar kuma sai kaya sun iso an warware naɗin an karanta TID a gabanka.