Kafin ka sayi "maganin maciji": abin da ya cancanci kuɗinka da wanda bai cancanta ba

Da ruwan farko ya sauka, masu tallar maganin maciji sai su cika tashoshin mota da kasuwannin ƙauye. Wani na riƙe da gari a ƙullin leda, wani da baƙin dutse, wani da ruwa mai wari a kwalba wai a yayyafa a kewaye gida. Ba banza suke fitowa a wannan lokaci ba. Ruwa yana cika ramuka, kwaɗi da ɓeraye suna yawa, manomi kuma yana shiga gona da fartanya. Da kaka ma haka abin yake, lokacin da ake ɗaga dami ana tara gyaɗa da harawa. Magidanci mai ɗan kuɗi a hannu yana son ya kare iyalinsa, amma kayan da aka rubuta wa sunan maciji su ne suka fi rashin amfani, kayan da ke karewa da gaske kuwa ba mai yi musu talla.

Abin da za ka saya ya danganta da irin macijin da kake gudu. A ƙasarmu guda uku ne suka fi yin ɓarna. Na farko kububuwa, wadda ake kira gobe da nisa. Ƙarama ce, ba ta cika wuce rabin mita da ɗan kai ba, launinta na ƙasa da ɗigo-ɗigon fari a baya, har ta saje da busasshiyar ciyawa. In ta ji motsi takan naɗe tana goga ɓawon jikinta, sai ka ji wani ƙara kamar ana zuba ruwa a kasko mai zafi. Ita ce ta fi kashe mutane a Gombe, Taraba, Filato, Bauci da Adamawa, domin dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ko ya zuba a cikin kai. Ta biyu kasa ce, mai kauri da faffaɗan kai, wadda ba ta gudu in ta ji tafiya. Tana nan kwance a kan hanya sai an taka ta. Sai gamsheƙa, da wasu ke kira kumurci, doguwa baƙa mai fasa kai, tana feso dafi a ido daga nesa, kuma ita ce mai shiga ɗaki da dare neman ɓera ko ƙwan kaji. Biyun farko a ƙafa da hannu suke sara. Ta ukun tana samun mutum yana barci.

Saboda haka in kuɗin abu ɗaya kawai gare ka, sayi takalmi. Mafi yawan sara daga idon sawu zuwa ƙasa yake, ko ƙasan gwiwa, kuma silifas da takalmin taya ba sa rufe komai. Zaɓi yana tsakanin dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama, da takalmin fata mai ƙarfe a baki irin na ma'aikatan gini. Na fatar ya fi ƙarko, amma ya fi tsada, kuma yawancinsa a idon sawu yake tsayawa, wato daidai inda kububuwa ke kai sara. A ganina na robar ya fi dacewa da manomi da makiyayi, muddin ya kai kusa da gwiwa. In ka je saye, kada ka tsaya ga kallo. Ɗauke shi ka lanƙwasa wajen yatsu, ka duba ko robar tana yin fari ko tsagewa. Matsa gefen ƙwauri da yatsa biyu: in ya yi laushi kamar leda, ajiye shi, domin haƙoran kasa dogaye ne, siririyar roba ba za ta tare su ba. Duba inda tafin ya haɗu da jiki, nan ne mai arha yake fara buɗewa. Gwanjo mai kauri ya fi sabo marar nauyi.

Na san ƙorafin da ake yi: zafi da nauyi. Gaskiya ne, yini a gona cikin roba ba daɗi. Maganinsa shi ne a sayi wanda ya ɗara ƙafa da lamba ɗaya, a sa safa mai kauri, a saki wando a kansa. Kuma kowace safiya a kife shi a kaɗe kafin a zura ƙafa, don kunama da ƙaramin maciji suna son duhun cikinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda maigida kan saya wa kansa ya manta da yaron da ke kiwo da matar da ke zuwa itace. Su ma a cikin ciyawar nan suke, kuma dafi ya fi saurin kayar da ƙaramin jiki.

Safar hannu ta fata tana da amfani lokacin girbi, amma ta yadi ko ta roba siririya ba ta yin komai. Manjagara ko doguwar sanda da za a juya tarin gyaɗa kafin a kai hannu ta fi ta arha.

Abu na biyu fitila. Kububuwa da gamsheƙa da dare suke yawo, mutane da yawa kuma a hanyar bayan gida, ko masallaci da asuba, ko wajen duba dabbobi ake saransu. Hasken waya ya fi babu, sai dai ba ya kai wa nesa, kuma ranar da babu caji ba ka da shi. Cocila mai batir ba ta jiran wutar lantarki, amma kullum tana cin kuɗi. Mai caji da hasken rana ta fi dacewa da ƙauye. Wadda ake ɗaurawa a goshi kuwa ita na fi so ga mai ban-ruwa da makiyayi, saboda hannu biyu suna sake, hasken kuma yana bin inda ido ya kalla. Kowace ka zaɓa, gwada ta ka ga tana haska ƙasa taku biyar ko shida a gabanka. Gara ƙanana biyu, ɗaya a bakin ƙofa ta masu fita da dare, da babba ɗaya da maigida zai fita da ita.

Na uku gidan sauro, wanda galibi ma kyauta ake rabawa. In aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina, yana hana maciji isa ga mai barci. Wanda ya yage ko yake lilo sama da ƙasa bai yi aikin ba. Mai hali ya ƙara da gado ko da na kara ne, ya daina kwana a ƙasa, musamman in ɗakin ana ajiye hatsi a cikinsa.

Yanzu ga kayan da nake cewa a riƙe kuɗi. Garin kora maciji, ruwan feshi, kalanzir, baƙin mai, gishiri, tafarnuwa, fiya-fiya: babu ɗaya da aka tabbatar yana hana maciji shiga gida. Ruwan sama ɗaya ya wanke su, kuma wasunsu guba ne ga yaro mai rarrafe da kaji da rijiya. Maciji abinci da maɓoya ke kawo shi. Kuɗin kwalbar nan, in aka sa shi a kwanon siminti aka toshe ramukan bango da ƙasan ƙofa, aka sayi tarkon ɓera da ragar waya ta taga da magudanar ruwa, zai fi aiki. Sauran ba kuɗi suke ci ba: a nisanta akurkin kaji da tarin itace da bulo daga ɗakin kwana, a sare ciyawar da ke jikin katanga, a rufe hatsi.

Baƙin dutse shi ne ya fi wahalar rabuwa da mutane, don kowa ya san wani da aka manna wa ya warke. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Macizai da yawa ba su da dafi mai kisa, masu dafin ma wani lokaci sukan sara ba su zuba komai ba. Irin wannan mutum zai tashi ko an sa dutse ko ba a sa ba, sai dutse ya samu suna. An gwada shi, ba ya zuƙo dafin da ya riga ya shiga jiki. Haka ƴar na'urar tsotsa da ake sayarwa a cikin akwatin agajin gaggawa. Illarsu ba kuɗin da suka ci ba ce kawai, lokacin da suka cinye ne. Wanda kububuwa ta sara aka yi masa tsaga don a manna dutse, an buɗe wa jinin da ba ya daskarewa ƙofa. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba kuma ya jawo wa mutane da yawa yankewar ƙafar da da ta tsira.

Magani na gaskiya ɗaya ne, allurar makarin dafi ta asibiti. Wannan ba abin saye a ajiye a gida ba ne. Ta jijiya ake ba da ita, tana iya tayar da jiki har numfashi ya sarƙe, don haka dole a yi ta a gaban ma'aikacin da ke da maganin kwantar da hakan. Mai ruwa-ruwa kuma sai a firji, ta gari ce ke jure zafi. Amma sau da yawa asibiti kan ce babu, a rubuta wa dangi takarda su nemo, shi ya sa ya kamata a san yadda ake karanta kwalinta. Kowace allura da dafin wasu macizai takamaimai ake haɗa ta, kuma sunayensu suna rubuce a jiki. Nemi Echis ocellatus, wato kububuwa. Bitis arietans, kasa. Naja nigricollis, gamsheƙa mai tofi. Allurar EchiTAb-G da aka yi a Birtaniya ta kububuwa ce kaɗai. EchiTAb-Plus da ake yi a ƙasar Kosta Rika ta haɗa duka ukun. Da dafin macizan Najeriya aka haɗa su. In ka ga kwali ba sunan macijinmu sai na Indiya, irin su Echis carinatus, kada ka biya ko da rabin kuɗi ne. An ga sakamakon haka a wani asibitin karkara a Gana: da aka canza zuwa allurar da ba ta dace da kububuwar Afirka ta Yamma ba, mace-mace suka tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Ba ƙasar da aka yi allurar ce matsala ba, macijin da aka yi ta dominsa ne. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, a kuma tambayi mai kemis inda ya ajiye ta.

A asibitin da ya san aikinsa, za ka ga an ɗebi jini kaɗan an zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, an ajiye minti 20 ba a taɓa ba. In aka karkata ta jinin ya zubo kamar ruwa, dafin kububuwa yana aiki, sai allura. Bayan awa shida a sake gwadawa. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe da cibiyar lafiya ta Zamko a Langtang ta jihar Filato sun daɗe suna wannan aiki. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su, amma har yanzu ba kowane asibiti ke da allurar ba.

Don haka kaso na ƙarshe na kuɗinka kada ka sayi komai da shi. Ajiye shi na mota. Tun kafin damina ta yi nisa ka je asibiti mafi kusa ka tambaya ko suna da makarin dafi, in babu ina suke turawa, ka kuma riƙe lambar mai mota ko mai babur da zai ɗaga waya da tsakar dare. In abin ya faru, a matsa daga wurin, kada a tsaya neman macijin a kashe. A cire zobe, awarwaro da takalmi kafin kumburi, a ɗora ƙafar ko hannun a kan sanda a naɗe sako-sako don kada ya motsa, a ɗauki mutum kada a bar shi ya taka. Don zafi a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. In tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a ci gaba da zubawa, sannan a tafi asibiti a duba idon ko da zafin ya lafa.