Rariya ko Miller-Rabin: wace hanya ta fi sauri wajen neman lambobin firayim?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka rubuta furogiram da Python don ya jero maka duk lambobin firayim daga 2 zuwa biliyan ɗaya, wato lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. Ka bar shi yana aiki tun dare har gari ya waye bai kai ko'ina ba, sai wani ya ce maka ka koma AKS, wata hanyar gwada ko lamba firayim ce, tunda ita ce sabuwa. To, ajiye AKS a gefe tukuna, zan zo kanta. Tambayoyi biyu ne suka cakuɗe maka. "Jero mini duk firayim da ke ƙasa da kaza" aiki ɗaya ne. "Ga wannan lamba guda, firayim ce ko a'a" wani aiki ne daban. Kowanne da makaminsa, kuma wanda ya yi zarra a ɗaya yakan zama kurar baya a ɗayan.

Abin da ka rubuta shi ake kira gwajin rabawa: ka ɗauki lamba, ka yi ta raba ta da 2, da 3, da 4, har ka ga wadda ta shige ba saura. Ba laifi ba ne, kowa da shi ya fara. Gyaransa na farko shi ne ka tsaya a tushen murabba'in lambar, domin idan lamba tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta bai wuce tushen ba. Ɗauki 97: tushenta bai kai 10 ba, saboda haka da ka gwada 2, 3, 5 da 7 ka gama. Amma ko da wannan gyara, duba lissafin aikinka. Akwai firayim 50,847,534 a ƙasa da biliyan ɗaya, kuma kowace firayim sai ta cinye gwajin har ƙarshe, tunda babu mai raba ta da zai tsayar da zagayen. Tushen biliyan ɗaya 31,622 ne da 'yan kai. Idan ka haɗa duka, rabawa wajen tiriliyan guda kake nema daga kwamfutarka. Ko da firayim kaɗai kake rabawa da su, waɗanda guda 3,401 ne a ƙasa da wannan tushe, har yanzu kana sama da biliyan 100. Ga shi rabawa tana cikin ayyukan da suka fi yi wa furosesa nauyi, ga Python ba gwanin gudu ba ne a irin wannan zagaye. Ba kwamfutarka ce ta gaza ba.

Rariyar Eratosthenes ta juya tunanin ne gaba ɗaya. Mutumin ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma dabarar da ake jingina masa har yau ita ce ginshiƙin aikin. Maimakon ka tambayi kowace lamba wa ke raba ta, sai ka shimfiɗa su duka a jere ka yi ta soke waɗanda ka san suna rabuwa. Gwada da 2 zuwa 30. Bar 2, soke 4, 6, 8 har 30. Ta gaba da ba a soke ba ita ce 3: bar ta, soke 9, 15, 21, 27. Sai 5: soke 25. Shi ke nan, domin 7 sau 7 ya haura 30. Abin da ya tsira a rariyar: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Ka lura ba mu raba komai ba, tsalle kawai muke yi ta hanyar tarawa. Ka kuma lura sokewar 5 daga 25 ta fara, ba daga 10 ba, saboda 10, 15 da 20 tuni 2 da 3 suka gama da su. Kowace firayim daga ninkinta da kanta take farawa.

A Python ga yadda nake rubuta ta:

    def rariya(iyaka):
        alama = bytearray([1]) * (iyaka + 1)
        alama[0] = alama[1] = 0
        p = 2
        while p * p <= iyaka:
            if alama[p]:
                alama[p*p::p] = bytes(len(range(p*p, iyaka + 1, p)))
            p += 1
        return alama

Layin da ke sokewa shi ne sirrin, domin a dunƙule yake yin aikin, ba ɗaya bayan ɗaya a zagayen Python ba. Zuwa biliyan ɗaya, duk sokewar ba ta kai biliyan 3 ba. Ajiye wannan kusa da tiriliyan guda ka ga tazarar.

Inda rariya take cizo shi ne memori. Bayit ɗaya ga kowace lamba yana nufin gigabayit guda cur don biliyan ɗaya. Idan kuwa ka yi kuskuren amfani da jerin Python na yau da kullum, wanda kowane gurbi ke cin bayit 8, gigabayit 8 za ka nema, kwamfutar ta sandare. Ana rage nauyin ta hanya biyu: a watsar da duk lambobin da 2 ke rabawa tun farko, a kuma ba kowace lamba bit ɗaya tak. Da haka gigabayit guda ya koma megabayit 62.5.

Amma gyaran da na fi so shi ne tankaɗe kashi-kashi, wanda Bays da Hudson suka wallafa a 1977. Ka fara fitar da ƙananan firayim ɗin nan 3,401 ka riƙe su. Sai ka yanka biliyan ɗin gunduwa-gunduwa, ka tankaɗe gunduwa ɗaya da su, ka kwashe sakamako, ka share wurin, ka ɗauko ta gaba. Mutane suna zaton memori kawai wannan yake tattalawa, alhali har gudu yake ƙarawa sosai. Dalili shi ne furosesa yana da wata 'yar ma'ajiya a jikinsa, sau da yawa kilobayit 32 ko kusa da haka a matakin farko, wadda karatu daga cikinta ya fi zuwa babban memori sauri nesa ba kusa ba. Idan gunduwar ta shige cikin wannan 'yar ma'ajiya, duk tsalle-tsallen sokewar a gida ake yin su. Kuma wannan hanya ce ke ba ka damar leƙa nesa ba tare da ka taka duk hanyar ba: idan firayim da ke tsakanin tiriliyan guda da miliyan ɗaya a samansa kake so, firayim 78,498 da ke ƙasa da miliyan sun ishe ka. Manhajar primesieve ta Kim Walisch a kan wannan tsari aka gina ta, kuma biliyan ɗaya a wurinta ba ya ɗaukar ko daƙiƙa guda a kwamfutar zamani.

Za ka ji ana ambaton rariyar Atkin, ta Atkin da Bernstein, wadda ta fito a farkon shekarun 2000. A takarda ta ɗan fi ta Eratosthenes ƙarancin aiki. A aikace ta fi wuyar rubutawa daidai, kuma rariyar Eratosthenes da aka gyara da kyau takan wuce ta. Ni dai ba zan ɓata dare a kanta ba.

Yanzu juya tambayar. An miƙo maka lamba guda mai alƙaluma 19, misali 2,305,843,009,213,693,951. Rariya ba ta da abin cewa a nan, babu memorin da zai ɗauki jeri mai wannan tsawo. Gwajin rabawa zai yi, amma sai ya taka har wajen biliyan ɗaya da rabi. Idan kuma lambar mai alƙaluma 300 ce, irin waɗanda ake ƙulla makullan RSA (wani tsarin ɓoye saƙonni) da su, tushenta kaɗai alƙaluma 150 ne. Ko duk kwamfutocin duniya aka haɗa ba za su ga ƙarshensa ba.

A nan ne ake daina neman mai rabawa, a koma yi wa lambar tambayar tarko. Fermat ya faɗa tun 1640 cewa idan p firayim ce, kuma ba ta raba wata lamba da za mu kira a, to a^(p−1), wato a sau a sau a har guda p−1, idan aka raba shi da p saurarsa 1 ce. Kwamfuta tana lissafa wannan cikin ƙiftawar ido ta hanyar ninka lamba da kanta a kai a kai tana ɗaukar saura, kuma a Python pow(a, d, n), wato saurar a^d idan aka raba da n, yana yi maka shi kai tsaye. Idan saurar ba 1 ba ce, magana ta ƙare, lambar tana rabuwa. Matsalar ita ce akwai maƙaryata. 341, wato 11 sau 31, tana tsallake gwajin idan a ɗinka 2 ne. Mafi sharri su ne lambobin Carmichael, irin 561, 1105 da 1729, waɗanda ke tsallakewa da kowane a da ba su yi tarayya da shi a mai rabawa ba. A 1994 Alford, Granville da Pomerance suka tabbatar cewa irinsu ba su da iyaka, saboda haka ba za ka iya rubuta sunayensu a jeri ka kauce musu ba.

Gwajin Miller-Rabin, daga aikin Gary Miller na 1976 da na Michael Rabin na 1980, shi ya toshe wannan kafa. Ba ƙarshen lissafin kaɗai yake dubawa ba, har hanyar da aka bi aka iso. Bari mu kama 561 da hannu. Cire 1, ka samu 560, wanda shi ne 35 sau 16. Lissafa 2^35 ka raba da 561, saura 263. Ninka 263 da kanta ka ɗauki saura: 166. Sake: 67. Sake: 1. Fermat zai ga 1 ɗin nan ya ce a wuce. Miller-Rabin kuwa zai tsaya a kan 67. Idan da 561 firayim ce, lambobi biyu ne rak za a ninka da kansu su ba da saura 1, wato 1 da 560. Ga 67 ta yi, kuma ba ɗaya daga cikinsu ba ce. An kama ta. Wani abin daɗi ma, 67 ɗin ta tona asirin gaba ɗaya: babban mai raba 66 da 561 shi ne 33, na 68 da 561 kuma 17, kuma 33 sau 17 shi ne 561.

Abin da ke tsorata mutane shi ne jin cewa gwajin na "mai yiwuwa" ne. Gaskiya ne lamba mai rabuwa tana iya tsallake zagaye ɗaya, kamar yadda 2047, wato 23 sau 89, take tsallakewa da 2. Amma a kowace irin wannan lamba, waɗanda za su yi mata shaidar zur ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Zagaye 40 da zaɓin lambar a na kan mai uwa da wabi yana mayar da yiwuwar kuskure ƙasa da ɗaya cikin 10^24. Kuma ga lambobin da yawancinmu ke aiki da su, babu ma batun sa'a. An riga an tantance cewa 2, 3, 5 da 7 sun wadatar ga duk lambar da ke ƙasa da 3,215,031,751, kuma firayim 12 na farko, daga 2 zuwa 37, sun wadatar ga duk lambar da ta shiga bit 64. Waccan lamba mai alƙaluma 19 da gwajin rabawa zai yi wa taku biliyan ɗaya da rabi, a nan ninkawar da ba ta kai 2,000 ba ta gama da ita, da tabbaci cikakke.

To me zai hana ka yi wa kowace lamba daga 2 zuwa biliyan Miller-Rabin? Zai fi abin da ka rubuta, amma kowace lamba za ta ci ninkawa da ɗaukar saura masu yawa, alhali a rariya rabon kowace lamba bai kai sokewa uku ba. Rariya tana cin ribar yin aikin a jimla. Miller-Rabin ɗaiɗai yake karɓa. A wajen ƙera makullan RSA ma haɗa su ake yi: a zaɓi lamba mai bit 1024, a fara gwada ta da ƙananan firayim don a zubar da mafi yawan tarkace da arha, wadda ta tsira a kai ta Miller-Rabin. A wannan girma, kusan ɗaya cikin 355 na lambobin da 2 ba ya rabawa firayim ce, don haka neman ba ya daɗewa.

Sai AKS ɗin da aka ba ka shawara. Agrawal, Kayal da Saxena, a cibiyar fasaha ta IIT da ke Kanpur a Indiya, sun fitar da ita a 2002, kuma babban abu ne a ilimin lissafi. Ita ce ta fara nuna cewa ana iya tantance kowace lamba da tabbaci, ba tare da dogaro da wani hasashen da ba a tabbatar ba, cikin lokacin da ba ya hauhawa fiye da kima yayin da alƙaluman lambar ke ƙaruwa. Sun karɓi lambar yabo ta Gödel a 2006 saboda ita. Amma hujja ce ga masana, ba kayan aiki ba. A aikace tafiyar hawainiya take yi, kuma masu buƙatar cikakkiyar shaida a kan lamba mai dubban alƙaluma wata hanyar tabbatarwa daban mai suna ECPP suke bi. Ban da haka, ita ma lamba guda take gwadawa, ba ta jero komai. Wanda ya ba ka shawarar ya amsa tambayar da ba ka yi ba ne.

Idan kuma firayim mafi girma da aka sani ne suka ja hankalinka, wannan wani fage ne. Lambobin Mersenne, masu siffar 2^p − 1, suna da gwajinsu na Lucas-Lehmer: fara da 4, ninka da kanta, cire 2, ɗauki saura, maimaita sau p − 2. Ga 31, inda p yake 5, za ka samu 14, sai 8, sai 0, kuma sifirin nan shi ne shaidar firayim ce. Shirin GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996 irin waɗannan yake farauta, kuma a Oktoban 2024 Luke Durant ya gano 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320.

Kai dai rariya ce taka, kashi-kashi idan memorinka bai kai ba. Idan wata rana ka rubuta Miller-Rabin da C, ka kula da ninka lambobi biyu masu bit 64, domin sakamakon yana ambaliya ba tare da ya yi maka gargaɗi ba, sai ka nemi __int128, nau'in lamba mai bit 128, ya riƙe shi. Python ba ya da wannan ciwon. Kuma ka kiyayi alamar <= ɗin nan da ke layin p * p. Na taɓa rubuta < kawai a gwajin rabawa, furogiram ya yi ta rantse mini cewa 25 da 49 firayim ne, na yi yini ina zargin wani wurin daban. Kafin ka saki naka a kan biliyan, gwada shi da ƙanana ka ƙirga abin da ya fito: 100 ya ba ka 25, 1,000 ya ba ka 168, miliyan ya ba ka 78,498. Idan waɗannan sun yi daidai, sa masa biliyan ka jira 50,847,534.