Gidan Mendelssohn a Leipzig: in za ka je, ka daidaita da ranar Lahadi

Duk wanda hanya ta kai shi Leipzig a Jamus, dan Allah ya ware rabin yini ya leƙa gidan tarihin Felix Mendelssohn, shahararren mai tsara kiɗan turawa na ƙarni na 19, yana kan titin Goldschmidtstraße lamba 12, 'yar tafiya ce a ƙafa daga dandalin Augustusplatz. Ko ba ka jin kiɗan turawa na da, ka je. Gida ne na gaske da mutumin ya zauna da matarsa da 'ya'yansa tun 1845, a cikinsa ya rasu ranar 4 ga Nuwamba 1847 yana ɗan shekara 38 kacal, kuma an buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1997 bayan jagoran makaɗa Kurt Masur ya tsaya tsayin daka a kan sai an ceto ginin kafin ya lalace.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne wani ɗaki da suke kira Effektorium. Za ka shiga ka tarar da dogayen sifiku a tsaitsaye, kowacce tana wakiltar rukunin makaɗa guda, masu goge a nan, masu busa a can, kai kuma ga ka a gaba da 'yar sanda a hannu da sikirin a gabanka. Ka ɗaga hannu da sauri kiɗa ya ruga, ka sassauta ya lafa, in ka ga dama ka rufe bakin kowa ka bar rukuni ɗaya tak ka ji abin da suke yi a ƙarƙashin sauran wanda da kunnenka bai taɓa kamawa ba. Wallahi a nan ne mutum zai gane cewa wanda ke tsaye gaban makaɗa yana kaɗa sanda ba ado yake yi ba, shi ne ke riƙe da numfashin kowa, kamar dai yadda uban kiɗi ke juya 'yan amshinsa da ido kawai. Na ga wata yarinya ƙarama ta kama sandar da hannu biyu tana ta zuba sauri, kiɗan na bin ta a guje, babanta na gefe yana dariya har da riƙe ciki, ita kuwa fuska a murtuke, aiki take yi.

Kuma ɗakin ya dace da mai gidan, don jagorancin makaɗa shi ne ya kawo shi garin. A 1835, yana ɗan shekara 26, aka damƙa masa tawagar makaɗan Gewandhaus, babban zauren kiɗa na garin, kuma yana cikin na farko-farkon da suka riƙa amfani da sanda wajen jagoranci. Ba nasa kiɗan kawai ya riƙa sa wa a gaba ba, abin da ke burge ni da shi ke nan. Babban kiɗan mai tsara kiɗa Schubert da ɗan sana'arsu Robert Schumann ya tono a Vienna bayan mutuwar mai shi, Mendelssohn ne ya fara jagorantarsa a Leipzig a 1839. Tsohon gwanin tsara kiɗa Bach kuwa, wanda ya yi shekaru yana aiki a cocin Thomaskirche na garin, Mendelssohn ne ya taimaka ya dawo da sunansa bakin jama'a tun da ya farfaɗo da kiɗan Bach ɗin mai suna St Matthew Passion a Berlin a 1829, daga baya ya yi wasanni ya tara kuɗi aka kafa wa Bach ɗin dutsen tunawa a 1843, har yanzu yana nan kusa da cocin. A wannan shekarar dai ya buɗe makarantar koyon kiɗa ta Leipzig, yau sunansa take ɗauke da shi kuma ɗalibai daga ko'ina a duniya na karatu a ciki.

Sama kuma ɗakunan iyali ne. Akwai ɗakin aikinsa, ɗan ƙarami ne fa, ka tsaya ka kalli teburin ka tuna a gidan nan ya rubuta babban kiɗansa Elijah, sai ka ji wani iri. Ga wasiƙu, ga takardun kiɗa, ga zane-zanen da ya yi da fentin ruwa da hannunsa, don ashe gwanin zane ne ma. An kuma ba yayarsa Fanny Hensel wuri nata na musamman, kuma ta cancanta, don ita ma ta tsara kiɗa da yawa sosai amma zamanin bai ba mace fili ba. Ta rasu a watan Mayu 1847, shi bai cika wata shida a bayanta ba.

Dalilin da na ce Lahadi: da ƙarfe 11 na safe ana wasa a falon kiɗa na gidan, falon da shi kansa yake tara baƙi. Wurin ba shi da girma, kana zaune dab da mai piyano har kana jin numfashin mai goge kafin ya ja baka, babu makirufo babu komai. Kujeru kaɗan ne don haka ka nemi tikiti da wuri. In Lahadi ba ta samu ba har yanzu zuwan bai faɗi ba, amma gaskiya ka rasa kitsen abin.

Akwai wani ɓangare na labarin da ke ɓata min rai duk sanda na tuna. Mendelssohn jikan Moses Mendelssohn ne, fitaccen malamin falsafa Bayahude, kuma duk da an yi masa baftisma tun yana yaro hakan bai hana komai ba. Mai tsara kiɗa Richard Wagner, haifaffen Leipzig ɗin, ya rubuta maƙalar cin mutunci a kansa a 1850 saboda asalinsa, mutum yana kabari. Da 'yan Nazi suka zo suka hana kiɗansa, a Nuwamba 1936 suka tumɓuke mutum-mutuminsa daga gaban Gewandhaus lokacin da magajin gari Carl Goerdeler ba ya gari, shi kuwa da ya dawo ya ga ba za a mayar ba ya ajiye muƙaminsa. Mutumin da ya gina wa gari makaranta da suna, haka aka saka masa. Sai a 2008 aka kafa kwafin mutum-mutumin, a gefen Thomaskirche.

Don haka shawarata in ka fito daga gidan kar ka tsaya nan, ka taka zuwa Augustusplatz ka ga Gewandhaus na yanzu da aka buɗe a 1981 zamanin Masur, ka wuce cocin ka ga mutum-mutumin da dutsen Bach, duk a ƙafa ne. In da yara a tare da kai ku fara da Effektorium, amma ka sani fitar da su daga ɗakin nan sai da lallashi.