Gargaɗi Kan Mai Tallar "Cikakken Tsarin Zubar da Jini" na Elden Ring

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan uwa masu buga wasan bidiyo na Elden Ring, musamman waɗanda ke cikin zaurukan WhatsApp da Telegram inda ake musayar dabarun wasa, saboda wani mutum da ya shafe makonni yana tallar abin da yake kira "cikakken tsarin zubar da jini", wato haɗin kayan yaƙi na cikin wasan da ke sa abokin gaba zubar da jini, wanda kuma ya riga ya damfari mutum huɗu da na sani, ciki har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Ban ambaci sunansa ba domin sunan ba shi da wani amfani, tun da yakan sauya shi tare da lambar waya duk lokacin da asirinsa ya tonu a wani zaure. Abin da ba ya sauyawa shi ne jerin kayan da yake talla da kuma hanyar da yake bi, kuma da su ne za ku gane shi.

Tallar tana zuwa ne da hoton wani jarumi sanye da farin kwalkwalin nan na White Mask, riƙe da takobin Rivers of Blood. A ƙarƙashin hoton yakan jera abin da mai saye zai samu: takobin da aka ƙera har matakin ƙarshe na +10, da kwalkwalin, da layar Lord of Blood's Exultation, da tokar kurwa ta Mimic Tear (wadda ake kiran mataimaki da ita a faɗa), da duwatsun ƙira na kowane mataki, da Larval Tear guda goma, da gutsattsarin Scadutree, da miliyoyin runes, wato kuɗin da ake ɗaga matakin jarumi da su. Ga wanda ya fara wasan jiya, wannan jeri abin sha'awa ne. Wanda ya daɗe a cikinsa kuwa, da ya karanta zai san cewa ƙarya ce tsagwaronta, domin kusan rabin kayan nan wasan da kansa bai yarda wani ya miƙa wa wani su ba.

A nan ya kamata a tsaya a fahimta, domin duk damfarar ta ginu ne a kan rashin sanin wannan ƙa'ida. Tun da kamfanin FromSoftware ya fitar da wasan a watan Fabrairun 2022, babu kasuwa a cikinsa tsakanin 'yan wasa. Hanya ɗaya ce tak ta ba da kaya: mutum biyu su sa kalmar haɗuwa iri ɗaya, ɗaya ya zana alamar kira a ƙasa, ɗayan ya kira shi cikin duniyarsa, sannan mai bayarwa ya ajiye kayan a ƙasa mai karɓa ya ɗauka. Ta haka ana iya ba da makamai da sulke da garkuwa da layu da dunƙulen runes. Amma ba a iya ajiye tokar kurwa, ko duwatsun ƙira, ko sihirin da jarumi ya haddace, ko Larval Tear, ko gutsattsarin Scadutree. Waɗannan sai mutum ya je da ƙafarsa ya samo su. Duk wanda ya ce zai kawo maka Mimic Tear har gida, alhali tokar tana cikin akwati a birnin Nokron na ƙarƙashin ƙasa, wanda ba a shiga sai bayan an kayar da Radahn, ɗaya daga cikin manyan dodannin wasan, to ko dai bai san wasan ba, ko kuma ya tabbata kai ne ba ka san shi ba.

Ƙanena ya faɗa hannunsa ne saboda Mohg, wani babban dodo a wasan. Ya sayi ƙarin wasan nan na Shadow of the Erdtree da ya fito a watan Yunin 2024, kuma kamar yadda kowa ya sani, ba a shiga cikinsa sai an kashe Radahn da Mohg. Ya gama da Radahn, amma Mohg ya tsare shi fiye da mako biyu, har ya fara fidda rai. A wannan hali ya ga tallar, ya yi wa mutumin magana. Mutumin bai nemi kuɗi nan take ba, kuma wannan ne ya sa ƙanena ya saki jiki. Cewa ya yi su fara haɗuwa ya ga zahiri. Suka haɗu, ya ajiye masa Lord's Rune guda biyar, kowace ɗaya tana ba da runes 50,000, ya ƙara masa da wata laya. Duk waɗannan kaya ne da ake iya bayarwa, kuma ba sa cin mai su komai. Bayan wannan somin-taɓi ne ya nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, ƙanena kuwa ya tura ba tare da ya shawarci kowa ba.

Da suka sake haɗuwa domin a ba da takobi, mutumin ya ce ya ajiye, ƙanena kuma ya kasa ɗauka. Na zauna kusa da shi daga baya ya nuna mini saƙonninsu na wannan dare, ina gani yana ta rubuta "ban samu ba, yallaɓai", shi kuma yana amsawa da "yi haƙuri ɗan uwa, sake dubawa". Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wasan ba ya barin ɗan wasa ya ɗauki makamin da aka ƙera sama da matakin da shi kansa ya taɓa kai wani makami nasa. Takobin Rivers of Blood a +10 daidai yake da makamin gama-gari a +25, ƙanena kuwa Uchigatana, takobin da ya fara wasa da ita, ba ta wuce +13 ba. Mai sayarwar ya san haka sarai, kuma da gangan ya bari abin ya faru, domin ita ce ƙofar da yake son buɗewa.

Sai ya ce matsalar daga asusun ƙanena take, kuma zai gyara masa cikin minti goma idan ya ba shi sunan shiga da kalmar sirrin Steam, dandalin da ake sayen wasannin kwamfuta a kuma ajiye su. Da aka ba shi, ya dawo ya nemi lambar nan mai harafi biyar ta Steam Guard, wato lambar tsaron asusu da ke shigowa waya, ya ce ta tabbatar da gyara ce. Ƙanena ya karanta masa. Kafin gari ya waye an sauya imel da kalmar sirrin asusun, wanda ke ɗauke da duk wasannin da yaron ya tara cikin shekara uku, sannan saƙo ya iso cewa idan yana son asusunsa sai ya cika ragowar kuɗin. Ba mu biya ba. Mun bi ta sashen taimako na Steam da shaidar sayayyar farko da aka yi a asusun, kuma bayan 'yan kwanaki aka mayar masa da shi. Kuɗin kafin alƙalami dai sun tafi, mutumin kuma ya toshe lambobinmu ya yi layar zana.

Sauran ukun kowa da irin tasa. Ɗaya yana wasa a PlayStation, mutumin ya karɓi kuɗinsa da alkawarin zai kawo kaya daga kwamfuta, alhali Elden Ring ba ya haɗa mai kwamfuta da mai PlayStation ko Xbox a duniya ɗaya. Na biyu ya sayi asusu sukutum mai jarumi a mataki na 713, wanda shi ne ƙarshen hawa a wasan, ya yi kwana shida yana murna, sannan mai asusun na asali ya karɓe abinsa da shaidar mallaka, kuma babu inda zai kai ƙara domin dokar Steam ta hana sayar da asusu tun farko. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tausayi, domin shi an ba shi kaya da gaske, amma kayan da aka ƙirƙira da manhajar maguɗi. Bayan 'yan kwanaki sai wasan ya nuna masa sanarwar an gano abin da bai dace ba a ajiyarsa, aka dakatar da shi daga wasa da jama'a. Wannan ba sabon abu ba ne: tun a 2022 aka san masu maguɗi suna watsa wani tufafi mai suna Deathbed Smalls da aka cire daga wasan kafin ya fito, kuma waɗanda suka ɗauka sun gamu da dakatarwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko da a ce duk kayan sun iso lafiya, ba za su magance matsalar ƙanena ba. Rivers of Blood yana buƙatar jarumi ya sami maki a wasu fannoni: Arcane 20 da Dexterity 18 da Strength 12, shi kuwa da jarumi nau'in Samurai ya fara, wanda ke zuwa da Arcane 8, kuma bai taɓa ƙara ko ɗaya a wannan fanni ba. Sake rarraba maki sai an je wurin Rennala a makarantar Raya Lucaria da Larval Tear a hannu, wato ɗaya daga cikin abubuwan da ba a iya bayarwa. Bugu da ƙari, wani kaso na ɓarnar da takobin ke yi ta wuta ce, Mohg kuwa yana cikin dodannin da wuta ba ta cika yi musu illa ba, sannan kamfanin ya rage kaifin fasahar takobin tun a gyaran watan Agustan 2022. Da na duba jarumin yaron, sai na tarar Vigor ɗinsa, wato makin da ke ƙara wa jarumi jini, 25 ne kacal, a wurin da masu wasa ke zuwa da 40 zuwa 60. Sara biyu ke kashe shi. Ba takobi ya rasa ba, jini ya rasa.

Abin da muka yi bayan an dawo da asusun bai ci ko kwabo ba. A wurin hutawa na Palace Approach Ledge-Road da ke Mohgwyn, yankin da Mohg yake, inda yaron yake tsaye tuntuni, akwai wani ƙaton tsuntsu a tsallaken rami wanda in aka harbe shi da kibiya yakan rugo ya faɗa, ya bar runes kimanin 11,000 kowane zagaye, kuma da su muka kai Vigor 50 cikin yammaci biyu. Daga nan ya koma Altus Plateau ya kayar da Eleonora a cocin Second Church of Marika ya samo Purifying Crystal Tear, wadda ke kare mutum daga tsafin jinin da Mohg ke yi a tsakiyar faɗa bayan ya ƙirga uku. Ya shiga magudanan ƙarƙashin Leyndell ya ɗauko Mohg's Shackle, wadda ke danne Mohg ƙasa sau biyu a zangon farko. Shi kansa farin kwalkwalin da aka so a sayar masa, a tafkin jinin Mohgwyn ake samunsa, daga hannun maharan da ke kawo farmaki kafin a kashe Mohg. Da Uchigatana ɗinsa ta asali ya gama da Mohg, bayan maƙeri Hewg ya ɗaga ta da duwatsun da ya tono da kansa.

Wanda ya riga ya tura wa wannan mutum kuɗi ya sanar da bankinsa a ranar, ya adana hotunan hirar da shaidar turawa, ya kuma kai rahoto ga hukumar EFCC ko 'yan sanda. Wanda ya ba shi kalmar sirri ya sauya ta yanzu, ya fara da ta imel kafin ta Steam, sannan ya fitar da duk na'urorin da ke shige cikin asusun. Lambar Steam Guard kuwa babu ma'aikacin kamfani ko mai gyara da ke da dalilin tambayarta. Ina roƙon shugabannin zauruka su binciki tallace-tallacen makonnin nan: a daren jiya na sake ganin wannan hoto na farin kwalkwali a wani zaure, da sabuwar lamba da sabon suna, kuma a wannan karon ya ƙara sihirin Comet Azur a cikin jerin, wanda shi ma ba a iya ajiye shi a ƙasa.