Yaya, ga yadda na ga harkar gidan haya a Ingila

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa kuɗin sallamarka gidan haya za ka sa su. Allah ya sanya albarka. Ka ce in gaya maka yadda ake yi a nan, tunda na daɗe ina zaman haya kafin Allah ya hore mini ɗan gidan da na zuba mutane a ciki. To, na ɗanɗana ɓangaren biyu, ga abin da idona ya gani.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wata-wata ake biyan haya. Mu da muka saba mai gida ya karɓi na shekara a dunƙule, sai na ɗauka masu gidaje a nan cutuwa suke yi. Sai da na zama mai gida na gane akwai hikima a ciki. Kuɗin da suka shigo a dunƙule, a dunƙule suke fita. Kafin wata huɗu an kashe su a wata hidima, ran da rufi ya fara yoyo kuma babu ko sisi, ɗan haya na ganin ya biya, mai gida na ganin an dame shi. Ni duk wata, da kuɗin sun shigo, nakan cire kashi ɗaya cikin goma in sa a wani asusu daban da ba na taɓawa sai don gyara. Ko da na shekara za ka riƙa karɓa, ina roƙonka ka ware na gyara tun ranar, kafin kowa ya ji kuɗi sun zo.

Sai kuɗin ajiya, wanda ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna. Tun 2007 doka ta hana mai gida ya riƙe su yadda ya ga dama. Cikin kwana 30 dole ya yi musu rajista a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, in ya ƙi, kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku. Daga 2019 kuma aka ƙayyade su, ga yawancin gidaje ba za su wuce kuɗin hayar mako biyar ba, aka kuma hana dillalai karɓar kuɗin nuna gida ko na rubuta yarjejeniya daga hannun ɗan haya. Ranar tashi, in an yi saɓani, mai sasantawa na hukumar ne zai duba hujjar kowa ya raba. Hujjar kuwa ita ce abin da nake so ka ɗauka ko da ka watsar da sauran. Kafin a miƙa makulli, ana bin gida ɗaki-ɗaki a rubuta halin da komai yake, bango, ƙofa, tagogi, famfo, lambar da mita ta nuna, a ɗauki hoto mai kwanan wata, kowa ya sa hannu. 'Yan hayata na farko sun zauna shekara biyu, da za su tashi muka buɗe takardar tare. Tabon bangon falo yana nan a hoton farko, don haka ba nasu ba ne. Ƙofar banɗaki kuwa su suka karya, suka amsa ba musu. Cikin rabin awa muka gama, muka rabu da fara'a. Wannan ba ya buƙatar wata doka, wayarka da biro sun isa.

A wajen lafiyar gida ne suka fi tsanantawa. Duk shekara sai ma'aikaci mai lasisi ya duba bututun gas da tukunyar ɗumama gida ya ba da takarda. Wayoyin lantarki duk shekara biyar. Ƙararrawar hayaƙi a kowane bene tun 2015. Da farko na ji nauyin kuɗin, amma akwai labarin da ya canza mini tunani. A Disambar 2020, a garin Rochdale kusa da Manchester, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak ya rasu, binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar da ta cinye bangon gidan da iyayensa ke haya ce ta lalata masa numfashi. Iyayen sun yi ta kai kuka ba a gyara ba. Har doka aka yi da sunansa. Tun daga nan, in ɗan haya ya ce mini bango ya yi danshi, ba na bari a kwana biyu ban je ba. Yaya, wanda ka ba haya 'ya'yansa ne za su kwana a ƙarƙashin wannan rufin. Waya ɗaya da aka bari a tsirara, ko masai da ya cika, amana ce a wuyanka.

Gida naka ne, amma da ka ba da haya ya zama mazaunin wani. A nan ko dubawa zan je sai na ba da sanarwar awa 24. Canza kwaɗo, yanke wuta ko ruwa, ko fitar da kayan mutum waje don ya ƙi biya, laifi ne da ake hukunta mai gida a kansa tun dokar 1977. A da mai gida na iya ba da notis na wata biyu ba tare da ya faɗi dalili ba, amma dokar da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta soke wannan. Hanya ɗaya ce, notis a rubuce sannan kotu, kuma kotun na cin watanni. Shi ya sa wahalar duk a farko ake shanta, wajen zaɓen mutum. Ana neman shaidar aiki da albashi, a tuntuɓi mai gidansa na baya, wani lokaci a nemi wanda zai tsaya masa. Gara gida ya yi wata guda a rufe da ka yi gaggawar sa wanda za ku shekara kuna shari'a.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Haraji na da nauyi. Wanda zai sayi gida na biyu yana biyan ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan harajin sayen gida, tun Oktoban 2024, bayan da yana kashi 3 daga 2016. Kuɗin hayar ma ana biya musu haraji. Dillalin da zai kula maka da gida yakan ɗauki kashi 10 zuwa 15 na hayar kowane wata, mai gyaran famfo kuwa zuwansa kaɗai kuɗi ne kafin ya taɓa komai. Sannan babu sanayya. A gida kana iya tambayar mutum biyu ka san asalin wanda zai shiga gidanka da halinsa, a nan sai takarda kawai. Wannan dama ce da kake da ita, ka yi amfani da ita, amma ko ɗan uwa ne ka rubuta yarjejeniya, ka ba da rasit duk biya. Rubutun ne ke tsare zumuncin ranar da mantuwa ta shigo.

Wajen lissafin riba, ni wata goma nake ƙirgawa a shekara, sauran biyun na bar wa gyara da lokacin da gida zai zauna babu kowa. In lissafin ya fita a haka, to ka saya. In sai an ƙirga goma sha biyu cif zai fita, ka haƙura ka nemi wani. Kada kuma ka zuba kuɗin duka a sayen, ka bar abin da zai riƙe ka shekarar farko.

Gidan da ka ce ka gani, kafin ka biya ko kwabo ka kai takardunsa wa lauya ya bincika, ka kuma je da magini wanda ba na mai sayarwa ba ya hau rufin ya duba. In da hali ka koma ranar da aka yi ruwa mai yawa ka ga inda yake kwanciya. Ka turo mini hotunan da girman ɗakunan, zan aiko maka da irin takardar duba ɗaki da nake amfani da ita ka gyara ta daidai da naka. A gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙaninka.