Kayan gudun tsauni a arewacin Ingila: me za ka fara saya da 'yan kuɗinka?

Idan karatu ko aiki ya kai ka Sheffield, Manchester ko Leeds, kuma kana ɗan taɓa gudu a bakin titi, ba za ka daɗe ba wani abokin aiki zai ja ka zuwa tseren tsauni. Kuɗin shiga ƙananan tseren ƙauye bai taka kara ya karya ba, sau da yawa 'yan fam ne kawai. Kaya su ne masu cin kuɗi, kuma a nan sabon shiga yake yawan yin ɓarna: ya zuba kuɗi a agogon da ke magana da tauraron ɗan'adam, sannan ya hau tsauni da kambas ɗin titi. A ganina tsarin sayayya shi ne takalmi tukuna, sai rigar ruwa, sai taswira da kamfas. Agogo ya jira.

Sai ka fara sanin irin ƙasar da za ka taka. Ƙungiyar da ke kula da wannan wasa a Ingila, Fell Runners Association, wadda aka kafa a 1970, ta kasa tsere gida uku bisa yawan hawa. Aji A shi ne wanda ake hawa aƙalla mita 50 a kowace kilomita, kuma kwalta ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari na hanyar ba. Aji B mita 25, aji C mita 20. Ta fuskar nisa kuma akwai gajere, kilomita 10 ko ƙasa, da matsakaici, da dogo wanda ya kai kilomita 20 zuwa sama. Tsaunukan ba su da wani tsayi na a zo a gani. Scafell Pike, mafi tsawo a Ingila, mita 978 ne, ko garin Jos ya fi shi bisa idan aka auna daga matakin teku. Wahalarsu a jiƙa take. Ciyawa mai santsi a kan gangare, baƙar laka irin ta saman tsaunin Kinder Scout wadda ke haɗiye ƙafa har gwiwa, dutsen da ruwa bai bar shi ya bushe ba, ga hazo. Sau da yawa babu alama ko ɗaya a hanya, wuraren da za ka biya kawai ake faɗa maka, kai za ka nemo yadda za ka isa. Hawa kuwa kowa tafiya yake yi, hannu a kan gwiwa, har gwanaye idan gangaren ya miƙe. A saukowa ake cin tsere, a saukowa ake karyewa. Don haka takalmin da za ka saya, don saukowa za ka saye shi.

Takalman da za ka tarar a kanti kusan iri uku ne. Na farko su ne na asali, waɗanda aka yi domin wannan ƙasa kaɗai: tafinsu siriri, kusa da ƙasa, da haƙoran roba dogaye masu tazara a tsakaninsu don laka ta riƙa zubewa. Kakansu shi ne Walsh PB. Norman Walsh ya buɗe sana'arsa a Bolton a 1961, daga baya ya haɗa kai da ɗan tsere Pete Bland suka fitar da wannan takalmi, wanda ya yi shekaru yana ƙafar kusan duk mai gudun tsauni a Ingila. Har yanzu ana ɗinka shi a Bolton. Haƙoransa masu siffar dala suna kama jiƙaƙƙiyar ciyawa da kyau, kuma yawanci ya fi sababbin yayi sauƙin kuɗi. Amma soson da ke ƙarƙashin ƙafa kaɗan ne ƙwarai, duk tsakuwar da ka taka sai ta gaishe ka. Wanda ya saba da kambas mai laushi zai ji jiki a makonnin farko.

Inov-8 ne ya ƙwace kasuwar daga hannunsa. Wayne Edy, wanda ya taso a Zimbabwe, ya kafa kamfanin a 2003, kuma mazauninsa na Staveley, kusa da Kendal, a bakin Lake District, yankin tsaunuka da tafkuna. Sunaye biyu za ka fi ji a bakin 'yan tsere: Mudclaw da X-Talon, dukansu da haƙora masu tsawon milimita 8. X-Talon 212 ya samo lambarsa daga nauyinsa, giram 212, takalmin tsere ne mara nauyi mai matse ƙafa. Mudclaw ya ɗan fi shi jiki, na kwasar laka ne. Kamfanin yana yawan sauya suna da fasali, yanzu za ka ga Mudtalon a kan kanta, don haka kada ka riƙe suna, juya takalmin ka dubi ƙasansa. A 2018 suka fara cakuɗa robar da wani sinadari mai suna graphene, tare da masana na Jami'ar Manchester, don ta daɗe ba ta cinye ba. A nan akwai ciniki da ba a kauce masa: roba mai laushi ta fi manne wa jiƙaƙƙen dutse amma ta fi saurin ƙarewa, mai tauri ta fi ƙarko amma ta fi zamewa. Wanda dutse ya fi damunsa, kamar mai shirin tseren Borrowdale ko Wasdale, ya duba VJ na ƙasar Finland, musamman iRock. Kamfanin ya fito ne daga wasan neman hanya da taswira a daji, kuma robarsa ta yi suna wajen riƙe dutse mai ruwa.

Iri na biyu su ne 'yan tsakiya, irin Salomon Speedcross na Faransa da La Sportiva Mutant na Italiya. Suna da haƙora, ko da ba su kai na farkon tsawo ba, suna da soso, kuma dunduniyarsu ta ɗara gaban ƙafa da kamar milimita 10. Speedcross ya fi kowanne farin jini, ko'ina za ka same shi, kuma a turba mai laka ba shi da laifi. Matsalarsa tana fitowa ne idan ka bar turba kana yanke gangare a karkace, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsayin dunduniyar nan sai ya riƙa jan idon sawu waje, targaɗe ba ya nisa. Mutant ya fi shi rungume ƙafa kuma ya fi shi a kan dutse, sai dai yana da nauyi.

Iri na uku su ne masu kaurin tafi, irin Hoka Speedgoat. An yi su ne don doguwar tafiya a busasshiyar turba, kuma a can babu kamarsu wajen hutar da ƙafa. A kan ciyawar Lake District bayan ruwan sama kuwa, ka hau tudu ne a kan tudu. Ba zan ba sabon shiga shawarar ya yi tseren aji A da su ba.

To wanne? Ya danganta da inda ƙafarka za ta fi yawan taka. Mazaunin Sheffield da zai iya fita daga gida ya bi kwarin Porter ko Rivelin har ya hau dajin Peak District yana haɗa kwalta da turba da laka a fita ɗaya, ɗan tsakiya zai fi yi masa amfani a atisaye. Kwalta tana cin haƙoran takalmin asali kamar yadda dutsen niƙa ke cin gero, wata biyu ko uku na gudun titi sun isa su mayar da takalmin da ka saya sama da fam 100 sumul. Shi ya sa mafi yawan masu wannan harka suke da takalmi ƙafa biyu: tsohon kambas na titi don atisayen tsakiyar mako, da mai haƙora da ake ajiyewa sai ranar hawa. Idan kana da kambas ɗin titi a gida, ka riga ka sayi rabi. Sayi na asali kawai, ka tsallake ɗan tsakiya.

Kada ka saya ta intanet a karon farko. Yawancin takalman nan matsattsu ne da gangan, don kada ƙafa ta yi yawo a ciki, alhali da yawa daga cikinmu mun girma da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe, yatsunmu a baje suke. Je kanti da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. Ɗaure igiya sosai, ka tsaya a kan ɗan gangaren katakon da shagunan gudu da yawa suke ajiyewa, ka fuskanci ƙasa. Idan babban yatsa ya taɓa gaban takalmin, ajiye shi, domin saukowar minti ashirin za ta baƙanta maka farce. Sannan ka tsaya a karkace, ka ɗora nauyinka a gefen ƙafa: in ka ji tafin ƙafarka yana zamewa daga kan tafin takalmin, ya yi maka faɗi. Ɗaga dunduniya ka ji ko tana fita, don laka takan cire wa mutum takalmi ɗungurungum, ya koma yana lalube da hannu. A ƙarshe danna haƙori ɗaya da farce ka ji laushinsa. Tambayi mai kanti ko akwai mai faɗin gaba, wasu samfuran suna zuwa da faɗi biyu. Tambaye shi kuma ko akwai ragowar na bara, kusan kullum an karya masa farashi, bambancin kuma sau da yawa launi ne. Gwanjo a nan sai da lura, abin da kake biya haƙora ne, su ne kuma suke fara tafiya.

Abu ɗaya da zai ruɗe ka shi ne takalmin da aka rubuta wa Gore-Tex, wai ba ya shan ruwa. Ya fi tsada, kuma ga wanda ke tsoron sanyi kamar shi ne dabara. Bar shi. Ruwa ta sama zai shiga da zarar ka faɗa rafi ko laka, in ya shiga kuma ba shi da hanyar fita. Takalmin da ke shan ruwa ya zubar nan take ya fi, a haɗa shi da safar ulu, wadda ke riƙe ɗumi ko da ta jiƙe.

Rigar ruwa ba zaɓi ba ce. A tsere matsakaici da dogo na aji A, da dogo na aji B, dokar Fell Runners Association ta wajabta ɗaukar riga da wando masu hana ruwa, da hula, safar hannu, taswirar hanyar, kamfas, usur da ɗan abinci. An ƙara tsaurara dokokin tsaro bayan sanyi ya kashe wani ɗan tsere a gasar Buttermere Sailbeck a 2012. Wurin rajista za ka ga mai duba kaya ya juya rigarka ciki waje yana bin ɗinki da yatsa. Abin da yake nema shi ne siririn tef da aka manna a kan kowane ɗinki, da hular da ke haɗe da rigar. In babu, ba za ka yi gudu ba, ko da rigar ta fi tasa tsada. Rigar tare iska da ake sayarwa a shagunan ƙwallo ba ta wucewa.

Tsakanin masu tsada da masu araha, bambancin yana wajen nauyi da fitar da gumi. OMM Kamleika tana da laushi, tana miƙewa da jiki, ba ta ƙarar leda, za ka iya wuni da ita a jikinka. Montane Minimus da Stormshell na Inov-8 ba su da nauyi, suna dunƙulewa su shige tafin hannu. Masu araha irin na Decathlon suna cika sharaɗi muddin akwai tef ɗin, sai dai za ka jiƙe da guminka. Shawarata ka kashe kuɗi a riga, ka tsuke a wando, domin wandon yawanci a jaka zai kwana, ranar da ka fito da shi kuwa ba gudu kake yi ba, ka ji rauni ne kana jiran taimako. Ka sayi rigar da za ta hau kan wata rigar ɗumi. Zafi yana raguwa da kamar digiri 6 a kowace mita 1,000 da ka hau, ga iska, kuma jikin da ya daina motsi cikin jiƙaƙƙun kaya yana hucewa da sauri. Rigar auduga a ciki haɗari ce, tana riƙe ruwa. 'Yan'uwa mata masu sa hijabi su nemi na wasanni mara auduga saboda wannan dalilin, dogon wando da riga mai dogon hannu kuwa ba baƙon abu ba ne a tsauni, ba mai kallon kowa.

Jakar ƙugu ta lita uku ta ishi duk kayan nan a gajeren tsere, ita ce ta gargajiya kuma ita ce mai araha. Jaka mai kama da falmaran, wadda ke da gorunan ruwa a ƙirji, sai ka fara wuce awa uku a waje za ka ga amfaninta.

Taswira iri biyu ce: ta Ordnance Survey mai ma'aunin 1:25,000, wadda ke nuna har katangun dutse na makiyaya, da ta Harvey, wadda aka buga a takardar da ruwa ba ya lalatawa kuma ta fi sauƙin karantawa kana haki. Kamfas ɗin Silva na talaka ya wadatar. Dokar ƙungiyar ta hana bin hanya da na'urar GPS a tserenta, ko da agogon yana hannunka yana ƙirga nisa, don haka mai tsadar ba zai fisshe ka a hazo ba. Don atisayen juriya ma ba dole ba ne. Mafi yawan gudunka ya kamata ya zama a saurin da za ka iya hira, kuma bakinka zai gaya maka wannan kyauta. Abin da ke gina mai gudun tsauni shi ne awannin da ya yi a kan ƙafa, da maimaita hawa, da koya wa cinya jure saukowa a hankali, mako bayan mako, don ciwon cinyar da ke biyo bayan saukowar farko yakan kai kwana uku.

Kuɗin agogon nan, ka cire kaɗan daga ciki ka shiga kulob. Dark Peak Fell Runners na Sheffield, ko wanda ya fi kusa da kai, suna fita da yamma a tsakiyar mako, a can za ka ga abin da ke ƙafar mutanen da suka san ƙasar yankinku, wasu ma su ba ka aron riga ka gwada. In hunturu ne za ka buƙaci tocilan ta goshi, domin a Disamba rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Takalmin kuma in ka dawo, wanke shi da ruwan sanyi, baƙar lakar nan tana da tsami, tana cin ɗinki. Cire shimfiɗar ciki, cusa masa tsohuwar jarida, ka bar shi ya bushe da kansa nesa da hita, zafinta yana sakin gam.